Ƙanena zai tafi karatu Rasha, zai iya yin wa'azin Bishara a can?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko ɗalibi baƙo zai iya tara mutane a ɗakinsa yana koya musu Littafi Mai Tsarki. Gaskiya akwai haɗari, kuma ya kamata ya san haka tun kafin ya hau jirgi.

A watan Yuli na 2016 Rasha ta kafa dokar da ake kira ta Yarovaya. Zuwa coci da yin ibada ba laifi ba ne. Abin da dokar ta ƙuntata shi ne kiran wanda ba ɗan cocin ba zuwa ga addini. Mai yin haka dole ya riƙe takardar izini daga ƙungiyar addinin da yake wakilta, kuma an hana yin sa a gidajen zama. Baƙon da ya saɓa ana cin sa tarar rubul (kuɗin Rasha) 30,000 zuwa 50,000, ana iya korar sa daga ƙasar, karatu ya tashi ke nan. A 2016 an ci wani Ba'amurke ɗan Baptis tarar rubul 40,000 a birnin Oryol saboda karatun da yake yi da mutane a gidansa.

Inda aka fi faɗawa tarko shi ne ganin cewa 'yan mutum biyar a ɗaki ba kome ba ne. Raba takardun wa'azi a titi ko saka gayyata a intanet ma na iya jawo tuhuma. Musulmi ma dokar ta shafe su.

Idan ya isa, ya nemi coci mai rajista, ya bi shawarar shugabanninta. In 'yan sanda suka kira shi, kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Ya nemi tafinta da lauya, ya sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa a Mosko.