Tambaya da Amsa: Abin da Yaƙin Oktoba na 1973 Ya Haifar

Tambaya: Assalamu alaikum. Wasu na cewa Masar ce ta ci yaƙin 1973, wasu kuma su ce Isra'ila. In Masar ce, me ya sa sai a 1982 ta karɓo Sinai, kuma me ya raba ta da sauran Larabawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. A fagen daga ba wanda ya gama da wani. Masar ta ƙetare mashigin Suwez ranar 6 ga Oktoba, amma kafin a daina faɗa sojojin Isra'ila sun tsallaka gaɓar yamma sun kewaye runduna ta uku ta Masar. Shi Anwar Sadat, shugaban Masar, dama ba duk Sinai ya fito ƙwatowa da bindiga ba. So yake ya tayar da maganar da ta kwanta tun 1967, lokacin da Isra'ila ta kama Sinai, kuma a nan ya ci riba.

Ƙudiri na 338 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito ranar 22 ga Oktoba, ya haɗa tsagaita wuta da umarnin a zauna a tattauna. Hafsoshin ɓangarorin biyu suka fara haɗuwa a Kilomita 101 kan hanyar Alƙahira zuwa Suwez. Daga nan sakataren harkokin wajen Amurka, Henry Kissinger, ya riƙa kai-komo yana warware rikicin gaɓa-gaɓa: yarjejeniyar raba dakaru ta farko a Sinai cikin Janairun 1974, ta tuddan Golan tsakanin Isra'ila da Siriya a watan Mayu, ta biyu a Sinai cikin Satumban 1975. Mashigin Suwez, da ya yi shekara takwas a rufe, an buɗe shi a Yunin 1975.

Illar wannan salo ita ce kowace ƙasa ita kaɗai ake zama da ita. Siriya garin Kunaitra ta samu, sauran Golan har yau yana hannun Isra'ila. Da Sadat ya je Ƙudus a Nuwamban 1977, aka yi yarjejeniyar Camp David a Amurka a 1978, aka sa hannu kan sulhu tsakanin Masar da Isra'ila ranar 26 ga Maris 1979, sai Larabawa suka ga babbar yaya ta karɓi nata ta bar Falasɗinawa da alkawarin cin gashin kai da bai tabbata ba. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta dakatar da Masar, ta mayar da hedikwatarta Tunis. Sai 1989 aka mayar da Masar cikin ƙungiyar. Sinai kuwa kashi-kashi aka janye daga cikinta, na ƙarshe a Afrilun 1982, wata shida bayan kashe Sadat.

Tambaya: Takunkumin man fetur ya yi aiki kuwa?

Amsa: Ya yi, sai dai ba aikin da aka ɗauko shi don shi ba. A taron ƙasashen Larabawa masu arzikin mai da aka yi a Kuwait ranar 17 ga Oktoba an amince a riƙa rage haƙo mai da kashi 5 cikin ɗari kowane wata har Isra'ila ta janye daga yankunan da ta kama a 1967, sannan aka hana Amurka da Holan mai gaba ɗaya. Ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. Japan da ƙasashen Tarayyar Tattalin Arzikin Turai sun sauya harshe nan take, suka karkata ga Larabawa. Amma mai ba ya da shaida a goshi: manyan kamfanoni suka riƙa juya jiragen dakonsu, su kai wa Amurka na Iran da Benezuwela. A Maris ɗin 1974 aka ɗage wa Amurka takunkumin, alhali sharaɗin janyewar bai cika ba.

Tambaya: Me ya sa ƙasashen Afirka suka yanke hulɗa da Isra'ila a lokacin?

Amsa: Wasu sun riga yaƙin, kamar Uganda da Cadi a 1972. Mafi yawa kuwa a Oktoba da Nuwamban 1973 suka yanke, bisa hujjar cewa an mamaye ƙasar Masar, 'yar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Malawi, Lesoto, Suwazilan da Morishiyos ne suka ƙi bin sahu. Larabawa sun saka da kafa bankin raya tattalin arzikin Afirka na BADEA, aka sa hedikwatarsa a Khartum, amma tallafin bai rufe giɓin tsadar mai ba. Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu) ce ta fara maido da hulɗa da Isra'ila a 1982, Laberiya ta bi ta a 1983.