Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan masu ƙin cin nama

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin ci karo da rubuce-rubucen mutanen da ba sa cin nama, ba sa shan nono, ko ƙwai ba sa taɓawa, abin ya tsaya miki a rai, kina son sanin ko akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu da kuma abin da ya kamata ki karanta. Na ga wasu sun ce miki ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa, ki share kawai. Ni ban goyi bayan a share ba. Kiwon kaji nake yi, kafin nan kuma na daɗe ina bin motar shanu zuwa Kudu, don haka abin da suke rubutawa ba labari ba ne a wurina.

Ƙungiyar tasu a Ingila ta fara a 1944, wani mai suna Donald Watson ne ya jagoranci kafa ta. Amma littafin da ya fi tayar da ƙura shi ne Animal Liberation na Peter Singer, ɗan Ostireliya, wanda ya fito a 1975. Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta: dabba tana jin zafi, kuma zafin ba ya raguwa don wanda yake jin sa ba mutum ba ne. Wani masanin falsafa mai suna Tom Regan ya zo da nasa littafin a 1983 ya wuce nan, ya ce dabba tana da haƙƙin kanta, bai halatta a mayar da ita kayan amfani ba ko da an kyautata mata. Idan ɗaya za ki fara da shi, ni sai in ce ki nemi na Ruth Harrison, Animal Machines, na 1964. Ita ba falsafa ta cika shi da ita ba, abin da ake yi wa kaji da maruƙa a manyan gonakin Ingila ta zayyana, har sai da gwamnatin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a kai.

Abin da ta bayyana a wancan lokacin yau ga shi a gonakinmu. Kajin ƙwai a keji, uku ko huɗu a gurbi ɗaya, ba mai iya buɗe fiffike, ba ta taɓa taka ƙasa ba balle ta yi birgima a turɓaya. Ana yanke musu tsinin baki tun suna ƙanana don kada su tsattsage juna saboda ƙunci. Kajin nama kuwa cikin sati shida zuwa takwas sun isa yanka, jiki ya rigayi ƙashi girma, sai ki ga kaza ta zube kusa da mazubin ruwa ta kasa tashi. Tarayyar Turai ta haramta irin wancan tsohon kejin tun 2012, mu kuma yanzu ne muke sayen sa muna murna an samu ci gaba. Ni a ƙasa nake kiwon nawa, a kan dusar katako. Aikin ya fi yawa, ƙwai ya fi fashewa, amma na fi samun natsuwa.

Hanyar Kudu ta fi wannan muni. A kara ake loda shanu a tirela, a ɗaure ƙaho da ƙarfen mota, a cusa su har ba masaka tsinke, don kuɗin mota ɗaya ne ko an ɗauki kaɗan ko da yawa. Kwana biyu ko uku ana tafiya, ba ruwa ba ciyawa. Wadda ta durƙushe sauran su tattake ta. In aka ga numfashinta ya fara sama-sama, sai a zaro wuƙa a yanka ta nan take don kada ta zama mushe. Wato hankalinmu yana kan halaccin naman, amma azabar da ta kai ta ga haka ba mai ko ɗaga kai.

Wannan ne ya fi ci mini rai, domin ba sai mun jira Singer ya gaya mana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Ya yi umarni a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Tun a ƙarni na 10 wasu malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa suka rubuta ƙissar dabbobi sun kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljanu. Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, ya bar cin nama da nono da ƙwai da zuma, ko da yake malamai da dama sun soki aƙidarsa.

Inda na rabu da masu ƙin cin nama shi ne cewa duk cin dabba zalunci ne. Allah Ya halatta mana, kuma layya ibada ce. Ban da haka, yawancin littattafan nan an rubuta su ne ana kallon ƙasashen da nama ya yi yawa. Bafulatanin da ke kiwo a dajin da ko gero ba ya yi, ko makiyayin raƙuma a arewacin Nijar, me za a ce masa ya ci? Yaron da tamowa ta kama, ƙwai ɗaya da kofin nono magani ne a gare shi. Mu da ma tuwo da miyar kuka da wake da awara ne rayuwarmu, talaka sai ya yi makonni bai ga tsoka ba.

Amma kada hakan ya sa a ce ba ruwanmu da batun cin zalin dabba don kuɗi. Dubi jakai. Saboda fatarsu da ake kaiwa Sin a haɗa wani magani, an yanka su har suka yi ƙaranci, farashi ya gagari mai ɗiban ruwa da mai ɗaukar taki. Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024.

In kin karanta kin ga ranki ya kwanta da barin nama, ba laifi ba ne matuƙar ba ki haramta halal ba, sai dai ki ga likita tukuna. Sinadarin B12 ba a samun isasshensa daga tsirrai, wanda ya bar nama da nono da ƙwai yana buƙatar shan ƙwayarsa, musamman ga mai ciki ko mai shayarwa. In kuma za ki ci gaba da ci, akwai abin da ke hannunki: kada ki sayi kazar da aka rataye kai ƙasa a bayan babur tun safe, ki sa a ba ragon layya ruwa da inuwa, kuma ki hana a yanka shi a gaban ɗan'uwansa.