Kwanukan Inna, amsa ga Yayata ta Kano

Yaya, saƙonki ya iso, na kuma gane abin da ke ƙarƙashin tambayar. An gaya miki mun kwashe ɗakin Inna bayan rasuwarta mun rabar da kwanukanta, kin kuma ji 'yata ta tare babu jere. Shi ne kike tambaya wai haka Hausawan Gana suke yi, ko zama da mutanen ƙasar ne ya canza mu. Gara ki ji daga bakina.

Ba ki taɓa zuwa Sabon Zango ba, shi ya sa. Unguwar da Malam Baƙo ya kafa ce a Akra, fiye da shekara ɗari ke nan, kuma gidajenta ba su ƙara faɗi ba tun lokacin, mutane ne suka ƙaru. Kakanmu da fataucin goro ya kawo shi ya gina gida da zaure da tsakar gida mai kyau. Yau zauren ɗakin kwana ne. Duk ɗan da ya yi aure sai a yanki tsakar gida a yi masa ɗaki, har ta koma lungun da ba ya ɗaukar igiyar shanya biyu. In ka fita haya kuma, mai gida kuɗin shekara biyu zai nema a dunƙule, ko da yake doka wata shida ta ce. A irin wannan zama ɗaki guda dukiya ne, ba a barin shi kulle da kwanuka yara suna kwana a baranda.

Ɗakin Inna kuwa kin san irinsa, irin na iyayenmu ne ko'ina. Samira da langa da fanteka jere bisa jere, babba a ƙasa ƙarami a sama, har kusa da silin, yawancinsu ba a taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Kwano shi ne asusun mace a zamaninsu, in ta shiga matsi ta ɗauki ɗaya ta sayar. Kuma Inna tana budurwa aka yi korar baƙi ta Firayim Minista Busia a 1969, da aka ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Ta ga maƙwabta suna sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na mota ba. Abin ya bar mata tsoron rashi, sai ta riƙa tarawa. Baba shi ma ya gani, amma shi akasin haka ya ɗauka: har ya rasu kayansa ba su wuce akwati guda da buzu ba. Mu a tsakanin waɗannan biyun muka tashi.

Adakar da ke ƙarƙashin gadonta ce ta yanke mana shawara. Atamfofi ne a ciki, har da 'yan Holan, a ninke da takardarsu, ta ajiye mana ne da jikoki. Ruwan ambaliyar 3 ga Yuni 2015, daren da gidan mai ya kama wuta a Sakul, babban shataletalen Akra, mutane da yawa suka halaka, ya shiga ɗakin, an share an goge, ba wanda ya buɗe adakar. Da muka ɗaga turmi na farko sai ya rabe a kan ninkin, duk ya yi hunhuna. Na zauna ina kuka, don na san 'yan mata nawa aka aurar a layinmu da ƙyar aka haɗa musu lefe, ga zannuwa suna ruɓewa a ƙarƙashin gado.

Ba zubarwa muka yi ba, wannan ki gyara wa duk wanda ya faɗa. Malam muka kira aka fara raba gado yadda shari'a ta ce, zinarenta da kuɗinta kowa ya san rabonsa. Sauran, da yardar magada duka, aka yi mata sadaka da shi. Manyan tukwane suka tafi wajen matan da ke dafa abincin biki da suna, tabarmi makarantar allo, kwanukan da ba su yi tsatsa ba aka bi gidajen marayu da su. Waɗanda suka huje masu sayen ƙarafa suka auna. Mun riƙe Alƙur'aninta da gafakarsa, da turmi da taɓarya, da tukunyar tuwon Sallah, kowace 'ya kuma ta ɗauki kwano ɗaya.

Maganar da ta fi yi mini ciwo ita ce wai matar ƙanena ce ta zuga mu, don Bafanta ce, wato 'yar ƙabilar Fante ta nan Gana. Yaya, wannan baiwar Allah ita ta yi jinyar Inna, ita ke juya ta da dare. Ranar kwashe kaya ita ce ma ke roƙo a bar zannuwan, don a wajensu zanen uwa abin riƙewa ne. Ta musulunta tun kafin auren, 'ya'yanta suna zuwa allo, Hausa suke yi a gida. Amma kullum daga can sai a ce "ƙabilar nan". Mu nan da Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Mosi muke zaune, Hausa ce ke haɗa kowa a zango, babban limamin ƙasar nan Shaihu Usman Nuhu Sharubutu daga cikinmu ya fito. Kuna dariyar yadda muke cewa "ya zo" ga mace, to ku yi, amma mamacinmu a ranar muke binne shi, azumi da Sallah da zumunci ba abin da muka sauke.

Auren 'yata kuma an yi sadaki, an kawo lefe, an sa lalle. Jeren ne kawai na rage. Gado da katifa, firji, tukunyar gas, kwanukan da za ta ci abinci a ciki, da keken ɗinki tunda sana'arta ce. Ragowar kuɗin muka haɗa da na mijin aka biya haya. Ina jin labarin iyaye a Kano da ke cin bashi ko su sayar da fili saboda kayan ɗaki, ban ce kowa ba, amma ke ma kin san ana yi. Ni ban iya ba.

Ɗakina ma na bi shi na rage. In hadari ya haɗu yanzu, kafin ruwa ya sauko na ɗora komai a kan gado, shara ba ta ɗaukar mini safiya, kyankyasai sun rasa maɓoya. Ɗakin Inna jikokinta maza ke kwana a ciki.

Akwai turmi biyu da ruwan bai taɓa ba, suna can sama a cikin adakar. Magada sun yarda ɗaya naki ne, don Inna ba ta daina ambaton mahaifiyarki ba. Ki faɗa mini wanda zan ba cikin masu zuwa Kano ya kawo miki.