Ana warkewa daga sankarar babban hanji?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an gano yana da sankarar babban hanji, kina tambaya ko ana warkewa. Ana warkewa, amma ya danganta da matakin da aka tarar da ita.

Cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 ta kama sama da mutum miliyan 1.9, ta kashe fiye da 930,000. Sai dai alƙaluman Amurka sun nuna idan ba ta fita daga hanji ba, kusan 90 cikin 100 na masu ita suna wuce shekara biyar a raye bayan an gano ta. In ta kai hanta ko huhu, adadin yakan sauko ƙasa da 20. Wannan lissafin taron jama'a ne, kada ki ɗora shi kai tsaye a kan Baba.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Da yawa suna ganin jini a bayan gida su ce basir ne, ko su gudu daga tiyata har cutar ta bazu.

Ki tambayi likitan sankara matakin da take da tsarin magani. Ku 'ya'yansa ma ku tambayi likitan lokacin da ya kamata a duba hanjinku, domin wani lokaci ana gadonta.