Tambaya da Amsa: Shin wasannin Shakespeare ramuwa suke koyarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Argungu, an ba mu Othello mu karanta kuma wallahi raina ya ɓaci, mutum ya shaƙe matarsa a kan ɗan hankici kawai? Yayana ya ce ai duk tsofaffin wasannin Turawa haka suke, cin amana sai ramuwa, wai rama cuta ga macuci ibada ne. Don Allah mi ag gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yayanki ya faɗi rabin gaskiya, amma ki sake duba waye macucin a wasan, don Desdemona matar Othello ba ta cuci kowa ba.

Shakespeare ya rubuta Othello wajen 1603 zuwa 1604. Othello janar ne na sojan birnin Banis da ke Italiya, ya yi wa Cassio ƙarin girma ya tsallake Iago, shi kuwa Iago ya haɗiye abin a ransa yana ta dariya da maigida, kowa na kiransa mai gaskiya, shi Othello ma ya fi kowa faɗar haka. To nan fa matsalar take. Hankicin da kika raina kyautar farko ce da Othello ya ba matarsa, ya faɗi ƙasa Emilia matar Iago ta tsince shi ta miƙa wa mijinta, shi kuma ya je ya yar a ɗakin Cassio, daga nan sai 'yan maganganu ƙasa-ƙasa irin na munafukan majalisa, kai dai sa ido maigida, ni ban ce komai ba. Desdemona ta saɓa wa mahaifinta ta bi Othello har tsibirin Sayifurus, amma da ta rantse ba ta yi komai ba bai saurare ta ba, maganar yaronsa Iago ya ɗauka. A ganina shi Othello ne ya ci amanar da ta fi girma a wasan, kuma yana yi yana ganin kamar hukunci yake zartarwa. Da Emilia ta tona asiri Iago ya kashe ta, Othello ya soka wa kansa wuƙa, Iago kuwa da ransa aka rufe wasan, an dai ba da umarnin a azabtar da shi.

Hamlet, wani wasan na Shakespeare, ma haka, baffan Hamlet mai suna Claudius ya zuba wa mahaifinsa guba a kunne ya aure uwarsa, Hamlet ya rama ɗin, amma shi da uwar da baffan duk suka mutu, sarautar Denmak ta koma hannun ɗan sarkin Norwe.

Wanda zai fi ba yayanki hujja shi ne Medea na Euripides, marubucin Girka na zamanin da, da aka fara nunawa a Atina a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mace ce da ta bar ƙasar ubanta saboda Jason, daga baya ya yi mata kishiya da 'yar sarkin Korinti, sai ta aika wa amarya riga mai guba, amarya ta mutu uban amarya ya mutu, sannan ta yanka 'ya'yanta biyu na cikinta don kawai ta ƙona wa mijin rai. Ita kam ta tsere babu wanda ya hukunta ta, gawar yaran ma ta hana shi ya taɓa. Ki karanta wa yayanki wannan wurin ki tambaye shi ko har nan ibadar ta kai.