Fatawa: Hukuncin kama jatan landen teku da jiƙa shi a sifirit don bincike

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na gama digiri a fannin ilimin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma na samu gurbin ƙaro karatu a bakin Bahar Maliya. Aikinmu shi ne kamo jatan lande da ke cikin duwatsun murjani, mu jiƙa shi a sifirit, wanda ba a san irinsa ba mu raɗa masa suna. Kawuna a Mabera ya ce wannan kisan banza ne, da wasa da giya, da shisshigi cikin halittar Allah. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, aikin nan halal ne, amma ka saurara da kyau.

Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta mana farautar teku da abincinsa. Imamu Malik ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mu Malikawa ba mu da ja a kan jatan lande. Busasshensa ma matanmu ke sayowa a kasuwa su daka a miya. Hanafawa ne suka yi saɓani a kansa.

Kawunka bai yi magana a kan iska ba, don an hana kashe ko da ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba. Sai dai ilimi haƙƙi ne. Tun shekarar 2000 ƙa'idar masana ba ta karɓar sabon suna sai an ayyana samfurin da aka dogara da shi, wanda na baya za su koma su duba ƙahon goshinsa da faratansa, su gwada ƙwayoyin halittarsa. Ka ɗauki gwargwadon buƙata kawai. Hadisin Shaddad ɗan Aus ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wajen kisa. To ka fara ɗaukar hotonsa yana da rai, tunda sifirit na cinye launi, sannan ka sumar da shi da ƙanƙara ko man kanumfari kafin ka jefa shi a kwalba. Kada ka farfasa murjani don ɗan abu kamar yatsa. Gidan wasu halittu ne, kuma shekaru yake yi kafin ya sake tsirowa.

Batun sifirit, wanda sinadarin giya ne, mashhurin mazhabarmu giya najasa ce. Amma Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad sun tafi a kan cewa shanta aka haramta, ita kanta ba najasa ba ce. Na ɗakin gwaji ba don sha aka yi shi ba, shi ne likita ke goga maka kafin allura. Ka yi aikinka, ka sa safar hannu, idan ya zubo maka a riga ka wanke kafin salla don ka fita daga saɓani.

Raɗa suna kuwa, Allah da kansa ya koya wa Annabi Adamu sunaye, kuma ya ce a Suratun Nahl yana halittar abin da ba ku sani ba. "Sabon nau'i" a wurinku yake sabo. Tsarin suna mai kalma biyu da masanin halittu Linnaeus ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758 alama ce ta ganewa. Na san jatan landen da ke ƙara da farcensa kamar harbin bindiga ana kiransa Alpheus, sunan wani abin bautar Girkawa. Furta shi ba laifi, don ba girmamawa kake nufi ba. Amma ranar da zaɓi ya zo hannunka, ka guji irin waɗannan, ka sa siffarsa ko wurin da ka same shi.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne son a san ka. Jatan lande biyu kan yi kama kamar tagwaye alhali nau'insu daban, wani lokaci kuma bambancin namiji da mace ne kawai. Idan ka ce sabo ne ba ka tabbatar ba, ko ka ɓoye sunan abokin aikin da ya fara gani, wannan ha'inci ne, haramun ne. Kuma kada ka fita da samfuri daga ƙasar mutane ba da takardar izini ba.

Ka kai wa kawunka amsar nan cikin ladabi. Wallahu a'alam.