Kowa ya faɗi nasa da bakinsa kafin a farke buhun siminti

Ɗana, jiya da yamma muna wanke shebur ka ce mini: "Maigida, an ba ni mutum 8 in kula da su ranar zubin dekin. Kowa na aiki har gumi ya jiƙa shi, amma da an samu matsala sai kowa ya ce ba shi ba ne. Yaya zan yi kowa ya san nasa?" Na ce ka bari in kwana da maganar, domin ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce.

Kada ka tara su ka ce "yau za mu zuba dekin, kowa ya dage", sannan ka ɗauka ka raba aiki. Dekin na kowa ne, shi ya sa ba wanda zai ji shi a wuyansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ne, amma masu ɗaukarta kowa ya san gefen da ya kama.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a gaban sauran, ka tambayi kowa abin da zai fito daga hannunsa da wanda zai karɓa. Mai kwaɓi zai ce maka "ni kwaɓi nake yi". Bai faɗi komai ba tukuna. Ka yi haƙuri da shi har sai ya ce: "Awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, in haka injiniya ya rubuta, kuma ba zan ƙara ruwa don masu ɗauka su ji sauƙi ba." Yanzu ya kama gefensa, domin ruwa in ya yi yawa kankare ya yi rauni, kuma ba a gane hakan ranar zubi, sai daga baya. Mai ɗaurin rodi ya ce zai ɗaga rodin daga kan katako da 'yan duwatsun siminti, kamar milimita 20 zuwa 25, don kankare ya lulluɓe ƙarfen, in ba haka ba tsatsa ta same shi. Kafinta kuwa yakan ɗauka ya gama tun da ya buga ƙusa ta ƙarshe. Bai gama ba. Wurinsa ranar nan ƙarƙashin dekin ne, idonsa a kan sandunan tokara, in ɗaya ta fara gocewa ya yi magana nan take.

Masu kwanon sarki su ne aka fi rainawa, kuma abin yana yi mini ciwo. Ka nuna musu da hannu inda aikinsu yake kwana: kankare ba ya jira, in rana ta yi zafi ko awa 1 ba ya kaiwa yake fara kamawa. Layinsu in ya yanke, sabon zubi ya tarar da tsoho ya bushe, ba za su haɗe ba, nan ne ruwa zai riƙa yoyo a kan mutanen gida. Leburan da ya gane haka ba sai ka yi masa tsawa ba.

Dalilin da ya sa nake so su faɗa da bakinsu shi ne, abin da ka umarta naka ne, abin da mutum ya furta a gaban abokan aikinsa yana jin nauyin ya kauce masa. Kuma kai ma kunnenka zai kama abu biyu: aikin da mutum biyu suke ja, da aikin da ba wanda ya ambata. Na biyun ne mugun. Ina ƙaramin oga mun taɓa zuba dekin mai kyau, kowa ya tafi gida da murna. Ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Ni na ɗauka mai gadi zai yi, shi ya ɗauka leburori za su dawo. Kwana 2 ba a jiƙa shi ba, muka zo muka ga fuskar ta tsattsage kamar busasshen tabki. Kankare yana son danshi aƙalla kwana 7, sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa. Laifin nawa ne, don ban taɓa tambaya "wa zai ba da ruwa?" ba.

Kai ma ka faɗi naka a gabansu. Ka ce kaya za su iso tun jajibiri, injiniya zai duba rodi kafin a fara, kuma in dole aka tsaya, kai za ka nuna inda za a yanke. In wani ya yi kuskure, ja shi gefe, ka tuna masa abin da ya faɗa da safe, ka tambaye shi abin da ya hana. Sau da yawa za ka tarar na gabansa ne bai miƙo masa daidai ba.

Ranar zubin ka riga kowa zuwa, ka samo alli da faffaɗan katako. Kowa ya faɗi nasa ka rubuta a gaban sunansa, ka jingina shi kusa da injin kwaɓi inda duk mai wucewa zai gani. Layin ban ruwa kada ka bar shi ba suna, har da wanda zai karɓe shi ranar hutu.